Ƙotar Wuƙar Dada Aisatu

Da aka rufe gurzar auduga a Pitowa gab da faɗuwar damina, Abdulƙarim ya samu abin da yake jira duk shekara, wato zaman gida. Shi ne mai kula da sikelin masana'antar, kuma muddin ana kawo auduga, da sassafe yake barin Garwa a motar haya, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Amma da an gama kampanyi, kamar yadda ma'aikata ke kiran lokacin gurza, aiki yakan ragu, sai leƙawa jefi-jefi. Sauran ranakun a zaure yake yin su, a gaban wani tsohon tebur da ya cika da ƙusoshi da filaya da magagari da kayan da suka lalace. Gyara ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai. Ya taɓa tayar da fankar maƙwabta ta ci gaba da aiki, ya kuma taɓa kwance agogon bango ya kasa mayar da shi. Matarsa Fauziya takan ce zauren nan asibiti ne, wasu su warke, wasu a binne su a ƙarƙashin tebur.

A wannan shekarar gidan ya yi baƙuwa. Mahaifiyar Fauziya, Dada Aisatu, ta zo daga Meiganga ganin likita. Ciwon gaɓoɓi ya kama mata hannuwa, yatsun sun kumbura sun lanƙwashe, wani lokaci ko ɗaurin kallabi sai an taya ta. Likita ya ba ta magani, ya ce ta riƙa dawowa ana dubawa, shi ya sa zaman ya yi tsawo. Aka gyara mata ɗakin Sharifa, 'yar gidan da ke karatu a Ngaundere.

Zama a gidan suruki ba abu ne mai sauƙi ba ga tsohuwa irinta, shi ma Abdulƙarim bai same shi da sauƙi ba. Tun da ya auri Fauziya bai taɓa haɗa ido da ita ba. Da safe yakan cire takalmi daga nesa, ya tsuguna a bakin ƙofarta kansa a ƙasa.

"Dada, an tashi lafiya? Yaya hannun?"

"Jam. Da sauƙi, alhamdu lillahi," ta amsa daga bayan labule, tana haɗawa da Fulatanci.

Iyakar maganarsu ke nan. In yana tsakar gida, tana ɗaki. In ta fito, ya koma zaure. Saƙo kuwa, komai ƙanƙantarsa, sai ta bakin Fauziya.

Dada Aisatu ba ta zo da kaya da yawa ba, amma ta zo da wuƙarta. Asali ta mijinta ce, marigayi Mahamman, wanda ya yi fawa a Meiganga har ƙarfinsa ya ƙare. Bayan rasuwarsa da ita ta yi shekaru tana yanka nama tana kilishin sayarwa. Ruwan wuƙar ya sirance saboda yawan washi, ƙotar itacen kuwa ta tsage, an naɗe ta da robar tayar keke ninki a kan ninki. Da wannan wuƙa take zama a inuwar madafa kullum da hantsi, tana yanka wa Fauziya kuɓewa da albasa. A hankali take yi, amma ba ta yarda a karɓa mata.

Wata rana robar ta zame, wuƙar ta juya a hannunta, ta yanke ta a babban yatsa. Yankan bai yi zurfi ba, amma jinin ya tsorata Fauziya. Ta wanke, ta ɗaure, sannan ta ɗauke wuƙar ta ɓoye a saman kabad. Washegari ta sayo sabuwa mai jar ƙotar roba. Dada ta juya ta a hannu, ta yi godiya, ta ajiye a kan faifai. Daga ranar ba ta sake zama a inuwar madafa ba.

Abdulƙarim bai ji labarin yankan da wuri ba. Abin da ya fara lura da shi shi ne, daga zaure ya daina jin ƙwas-ƙwas ɗin wuƙa a kan katako, ya kuma daina jin 'yar hirar da uwa da 'ya ke yi rabi Hausa rabi Fulatanci. Da Fauziya ta kawo masa shayi ya tambaye ta, ta zauna a bakin benci ta kwashe komai ta gaya masa.

"Yanzu ma maganar komawa Meiganga ta fara," in ji ta. "Kuma likita bai sallame ta ba. Wai zaman banza ya ishe ta. Ni kuma ba zan zuba ido ta cire yatsa a gabana ba."

"Ina wuƙar?"

"Baban Sharifa, don Allah kar ka sa ta a layin agogo."

"Kawo dai in gani."

Da ya warware robar, itacen ya faɗi gida biyu a tafin hannunsa. Siririn ƙarfen da ke shiga cikin ƙota ya yi tsatsa, amma da ya kankare ya ga lafiyarsa ƙalau. Yana cikin juya shi sai ga maƙwabcinsa Didier ya leƙo. Didier malamin tarihi ne a makarantar sakandare, mutumin kudu, amma ya daɗe a Garwa har Fulatanci ya kama bakinsa, Hausa kuma yana taɓawa. Shi ma hutu yake, kuma kusan kullum sai ya zo zauren shan shayi kafin ya tafi kogin Binuwai da fatsarsa.

"Itace zan sassaƙa mata," Abdulƙarim ya ce. "Sai dai itace da ruwa ba sa shiri. Zai sake tsagewa."

"Tsaya, ina zuwa," in ji Didier.

Ya je gida ya dawo da wuƙar da yake gyaran kifi da ita, wadda ya gada wajen mahaifinsa. Ƙotarta ba itace ba ce, ba roba ba ce. Guntayen fata ne masu kauri, an huda kowanne a tsakiya, an jera su ɗaya bisa ɗaya a jikin ƙarfen, an matse, sannan aka goge har suka zama abu guda. Abdulƙarim ya jiƙa hannunsa da ruwan buta ya riƙe ta, ya ji ba ta zamewa. Suka nemo hoton bidiyon wani mai irin wannan aiki a wayar Didier, suka kalla suka sake kalla, shayi har ya huce.

Washegari ya hau babur ɗin haya zuwa layin dukawa a babbar kasuwa. Ya samo ragowar ƙirgi, wato fatar saniya mai kauri da ake yanka ƙasan takalmi da ita, wani ja wani baƙi-baƙi, ya cika 'yar jaka. Ya biya ta wajen masu kayan gini ya sayi gam mai haɗi biyu da sanfefa. Tagullar da zai toshe gaba da baya kuwa, a jikin wani mataccen kan famfo da ke ƙarƙashin teburinsa ya yanko ta.

Aikin ya ci lokaci fiye da yadda ya zata. Ya yanka fatar ƙanana-ƙanana kamar faɗin kwalin ashana. Ya wasa bakin wata babbar ƙusa ya zama abin huda, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana fasa musu ƙofa daidai kaurin ƙarfen. Ya jiƙa su a ruwan ɗumi, ya jera su tsakanin katako biyu, ya ɗora dutsen niƙa a kai don su daddale. Da yake damina ce, bushewa ta yi wuya. Wasu ma suka yi fumfuna, sai da ya zubar ya yanko wasu. Da suka bushe ya zura tagullar gaba, sannan ya riƙa shafa gam yana zura fata, ja biyu baƙi ɗaya, har ƙarfen ya cika. Ya ɗora tagullar baya, ya matse duka da katako da noti, ya bar shi ya kwana. Sannan ya bubbuga ƙarshen ƙarfen da ƙaramar guduma har ya baje a kan tagullar ya kulle.

Abin da ya fito da farko dunƙule ne marar fasali. Da magagari ya bi shi, yana ci yana hurewa, ƙurar fata tana bin gashin hannunsa, zauren duk ya ɗauki ƙanshin majema. Wannan ɓangaren ya fi yi masa daɗi. Yakan manta da shayi, yakan manta da rediyon da ke magana ita kaɗai a taga, sai kiran salla ya tashe shi. Ya rage ta har ta zama siririya miƙaƙƙiya, ya bi da sanfefa mai laushi, ya shafa kakin zuma ya goge da tsumma har tana ɗaukar ido. Layin ja da baƙi suka fito kamar saƙi.

"Kai, patron, babban oga!" in ji Didier da ya gani. "Wannan ai ta fi tawa. In ka sa ta a kanti ba wanda zai ce a zaure aka yi."

Fauziya ma ta yaba, ta ce agogo ne dai bai yi sa'a ba. Ta ɗora wuƙar a kan faifai ta kai ɗakin mahaifiyarta. Daga zaure Abdulƙarim ya kasa kunne, ya ji muryar tsohuwar tana sa albarka, tana maimaitawa. Ya koma ya share teburinsa yana jin daɗi.

Sai dai hantsi ya yi ya wuce, wani ma ya yi, ba a ji ƙwas-ƙwas a inuwar madafa ba. Da Fauziya ta tambaye ta, Dada ta ce wuƙa ta yi kyau, Allah ya saka. Da ta sake tambaya, amsar ba ta canja ba. Ran nan Fauziya ta ɗauki albasa da katako ta shiga ɗakin, ta sa mata wuƙar a hannu ta ce ta yanka ta gani. Ba a jima ba ta fito ta sami mijinta.

"Hannunta ba ya rufuwa a kanta," ta ce a hankali. "Yatsun ba sa kaiwa. Ta yi mata siranta, ga santsi. Ashe robar nan da muke raina wa, ita ke cika mata hannu."

"Me ya sa ba ta faɗa ba?"

"Ta faɗa wa wa? Ta ce surukinta ya ɓata kwanaki yana mata aiki, sannan ta ce bai yi ba?"

Abdulƙarim ya karɓi wuƙar ya riƙe. Ta zauna a hannunsa daram, kamar an auna. A nan ya gane abin da ya yi. Duk lokacin da yake gogewa, da nasa hannun yake gwadawa. Ransa ya ɗan sosu, ya ajiye ta a gefe, yinin ranar bai taɓa komai a teburin ba.

Didier bai ga abin wahala a ciki ba.

"Ka je ka kama hannunta ka auna mana. Minti nawa ne?"

"Didier, surukata ce fa."

"To? Ni da tawa surukar har rawa muke yi a biki. Tambayi matata Béatrice."

"Ku ke nan. Ni ko tsayawa a gabanta ban taɓa yi ba, balle in kama mata hannu."

Didier ya yi dariya ya girgiza kai, ya ce shekarunsa a arewa sun yi yawa amma har yanzu ana ba shi mamaki. Suka yanke shawara a tura Fauziya da tef ɗin tela. Ta je ta dawo da tsawon yatsu da faɗin tafi, ta ce Dada ta tambaya ko riga za a ɗinka wa hannun. Abdulƙarim ya duba awon ya rasa abin da zai yi da shi. Tsawon yatsa bai gaya masa inda yatsan ke tsayawa in ta dunƙule ba.

Ranar Juma'a bayan ya dawo daga masallaci, Fauziya ta shigo zaure da kwano rufe da faifai, ta ajiye a gabansa ba ta ko murmusa ba.

"Dada ta ce a ba ka."

Ya yi mamaki, don tun zuwanta ba ta iya girki da hannun nan. Ya jawo buta ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ɗaga faifan. A cikin kwanon akwai guntun kara, an mulmula yumɓu a jikinsa, ya bushe ƙamas. Fauziya ta kasa daurewa ta fashe da dariya.

"Jiya ta sa na ɗebo mata a bayan rijiya, ban san me za ta yi da shi ba. Ta kwaɓa, ta manna a kara, ta damƙe yadda take riƙe wuƙa, ta shanya a taga. Ta ce in gaya maka iyakar abin da hannun ke iyawa ke nan."

Da ta fita, ya ɗauko yumɓun ya kai bakin ƙofa wajen haske. Ya yi kauri a tsakiya fiye da duk abin da zai yi tunani, ya kuma karkata gefe guda. Babban yatsa ya bar rami mai zurfi, manuniya da na tsakiya sun bar nasu, na ƙarshen biyu kuwa da ƙyar suka taɓa yumɓun. Har layukan tafin hannunta sun fito. Ya gwada ɗora yatsunsa a ramukan, suka ƙi zama, kuma sai ya ji wata irin kunya ta kama shi, ya yi maza ya mayar da shi cikin kwanon. Kullum yana tambayarta hannu tana cewa da sauƙi. Bai san haka ciwon ya ci su ba sai yau.

Ba yadda za a ƙara wa ƙotar farko kauri. Dole a cire ta gaba ɗaya, kuma gam ya riga ya kama, sai dai a yanka. Didier ya ce asara ce, a bar ta a nemo wata wuƙar a yi wa tsohuwa, amma Abdulƙarim ya ce ai ba wuƙa ta rasa ba, akwai sabuwa a kan faifai tana zaman banza. Ya goge kullin bayan da magagari, ya sa zarto ya tsaga fatar daga sama har ƙasa, ya ɓamɓare ta. Ya ɗan tsaya yana kallon guntayen a kan tebur, sannan ya share su ya zuba a kwandon shara.

A karo na biyu ya yanka fatar da faɗi sosai. Hannunsa ya riga ya saba, huda da jiƙo da matsi duk suka zo da sauƙi, an kuma yi sa'ar rana ta fito. Da ya zo gogewa, ya ajiye yumɓun a gabansa, ya riƙa ci kaɗan yana dubawa. Ya bar tudun tsakiya, ya fafe wajen babban yatsa, ya bar bayan da kauri don kada ta zame ta fita. Abin da ya fito bai yi kyan na farko ba ko kusa. Didier ya ce ta yi kama da dankalin da ya girma a tsakanin duwatsu.

Saura gwaji. Da hantsi Dada Aisatu ta fito ta zauna a inuwar madafa, Fauziya ta kai mata. Jim kaɗan ta dawo zaure.

"Ta ce ta kusa. A ɗan rage nan."

"Nan ina?"

"Nan mana. Ko nan ne? Tsaya in sake tambaya."

Ta je ta dawo. Ya rage. Ta kai, ta dawo, wai ba nan ba, can ƙasa kaɗan. Aka yi ta haka, ita ce zaure ita ce madafa, har ƙaurin miya ya taso.

"Wayyo, tukunyata!" in ji Fauziya. Ta jawo 'yar tabarma ta shimfiɗa a bakin ƙofar da ta raba zaure da tsakar gida, ta ajiye wuƙar a kai. "Ni na gaji da zama ɗan aike. Ga ta nan, ku san yadda za ku yi."

Ta ruga madafa. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar ludayi a gindin tukunya. Abdulƙarim yana zaune a kan benci bai motsa ba. Can ya ji ana jan kujera 'yar tsuguno a ƙasa, a hankali, har ta tsaya a jikin bango ta waje, dab da ƙofar. Ba ya ganinta, ita ma ba ta ganinsa. Sai hannu ya miƙo ya ɗauki wuƙar. Da aka dawo da ita kan tabarma, akwai zanen gawayi a wuri biyu.

"Da mai aikin yana kusa," muryar Dada ta ce, kamar da bango take magana, "da an ce masa ya ɗan ci wajen baƙin nan. Kaɗan dai, kar ya yi yawa."

"Mai aikin ya ji, Dada."

Ya matso a tsugune ya ɗauka, ya koma tebur ya goge, ya mayar. Hannun ya sake fitowa. Aka sake zanen gawayi, wannan karon wuri ɗaya. Yana cikin gogewa sai ya ji ta ci gaba da magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙarfen nan na mota ne. Wata babbar motar shanu ce ta karye a hanyar Meiganga, shekarar da aka haifi yayan Fauziya. Malam ya roƙi guntun sifirin wajen direban, ya kai maƙera. Shi ya sassaƙa ƙotar da kansa, da itacen gwaibar gidanmu. Ba ya bari kowa ya taɓa ta, ko yaransa na mahauta. Ran da ƙafa ta hana shi fita, ya kira ni ya ce, ungo, ke ce za ki ci gaba da ita. Ni da ban taɓa yanka abin da ya fi kaza ba."

Ta ɗan yi dariya. Abdulƙarim ya rage saurin magagarin don kada ƙararsa ta rufe muryar. Ta ba da labarin kilishinta na farko da ya fito da kauri kamar takalmi, da yadda direbobin Kuseri suka zo suka san ƙofar gidanta. Duk zamansa da Fauziya bai taɓa jin muryar tsohuwar ta yi tsawo haka ba. Bai sa baki ba, sai "Allah sarki" nan da can.

Ya mayar da wuƙar a karo na ƙarshe, hannun ya miƙo ya ɗauka. Sannan ya ji ta ce wa Fauziya ta miƙo albasa.

"A bar ta haka," ta ce bayan ta gwada. "Kar a goge ta ta yi santsi. Mai kawai za a shafa, kaɗan."

Ya narka kakin zuma da man kaɗanya ya shafa sama-sama, ya bar fatar da ɗan kaushinta.

Ƙotar ba ta warkar da hannu ba. Dada takan yi yanka kaɗan ta ajiye, ta tsoma yatsu a ruwan ɗumi, ta sake ɗauka. Ran da sanyi ya sauko ma ba ta taɓawa sam. Fauziya kuma ta daɗe tana zama kusa da ita tana satar kallo. Amma Dada ta koma inuwar madafa, kuma ita da kanta take wanke wuƙar ta share ta da tsumma nan take, ba ta yarda a bar ta cikin ruwan wanke-wanke.

Wajen ƙarshen damina, da rana ta fara zafi sosai, Dada ta ce a sayo mata cinyar sa. Ta yi yini biyu tana aikin da a da take gamawa kafin azahar, tana bin naman da wuƙa tana warware shi fale-fale. Béatrice matar Didier ta zo kallo, ta ɗaga yanka ɗaya sama ta ce tana hango rana ta cikinsa. Aka shimfiɗa naman a kan asabarin kara a tsakar gida don ya sha rana kafin a tsoma shi a labu, wato haɗin ƙuli-ƙuli da kayan yaji.

Bayan azahar Fauziya ta tafi kai niƙan kayan yajin, Béatrice ta koma gida. Abdulƙarim yana zaure yana duba wata fitila da aka kawo masa, sai ya ji iska ta kaɗa ƙofa. Gari ya rufe ta wajen kogi, nan da nan. Daga tsakar gida ya ji muryar Dada, ba da kowa take ba.

"Hadari! Ga hadari, nama yana waje!"

Ya fita da gudu ba takalmi. Ya tarar tana ƙoƙarin ɗaga gefen asabarin, yatsun sun ƙi kamawa. Asabarin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, in ya ja shi kaɗai naman zai zube a ƙasa. Ya kama gefe guda, ita kuma ta zura damatsanta a ƙarƙashin ɗayan ta tallafe. Zaure ya fi kusa, can suka nufa, yana tafiya da baya tana binsa, ɗigon farko yana sauka a kansu. Suna ɗora shi a kan tebur da benci ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Ba halin komawa ɗaki. Tsakar gida ta riga ta zama tafki. Abdulƙarim ya jawo kujera ya goge ta da hannun riga, ya tura ta gefenta, shi kuma ya je ya tsuguna a bakin ƙofar waje yana kallon ruwan da ke gudu a titi. Ta zauna tana mayar da numfashi, tana gyara kallabi da bayan hannu.

"Ruwan Garwa ba ya sallama," ta ce bayan wani lokaci. "Namu na Meiganga yakan yini yana shiri, ga sanyi har cikin ƙashi. Nan kuwa ko ana ruwa jiki a sake yake."

"Haka ne, Dada. Zafin nan yana yi wa gaɓoɓi daɗi, in ji likita."

"Ya faɗa mini. Zan jira ya sallame ni, tunda haka ne. In ya so yayan Fauziya ya zo ya ɗauke ni bayan an kwashe amfanin gona."

"Allah ya kai mu. Gida naki ne."

Ruwa yana ta dukan kwanon rufi. Ƙanshin ɗanyen nama da na ƙasa ya cika zauren. Can sai ga Fauziya ta faɗo daga waje, ta kifa roba a ka, ƙullin yaji a ƙarƙashin mayafi, ta jiƙe sharkaf. Ta dubi mijinta a bakin ƙofa, ta dubi mahaifiyarta a kan kujerarsa, ta dubi naman da ya rufe tebur, ta tsaya baki buɗe.

"Me kika tsaya kallo?" in ji Dada Aisatu. "Ajiye yajin nan kar ya jiƙe, ki zo ki ɗaga mini na gefen can, sun haɗe."

Fauziya ta ajiye robar, ta matse bakin zanenta, ta zo ta fara raba yankan naman ɗaya bayan ɗaya. Abdulƙarim ya tashi ya kunna wutar zaure don su gani da kyau.